SHARHI: CURIN MAKAMASHI A MADADIN ITACE, SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI

Sanin kowa ne cewa da zarar hunturu ya kama, buƙatar itace da gawayi kan ƙaru a garuruwa da ƙauyukanmu, domin bayan girkin yau da kullum sai an dafa ruwan wanka, an kuma hura kasko saboda tsofaffi da ƙananan yara. Tun bayan janye tallafin kananzir a shekarar 2016, da na man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da dama daga risho da gas zuwa ga murhun gargajiya. Dajin da ake sara kuwa kullum ƙara nisa yake yi.

Wannan ne ya sa ake ta maganar curin makamashi, wato a tara ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko garin katako, a matse su da inji su zama curi-curi, a riƙa hura wuta da su a madadin itace. Maganar ta ƙara ƙarfi bayan da Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsabta a shekarar 2024. Ko shakka babu shawara ce mai kyau. To amma kafin ƙananan hukumomi su zuba kuɗin jama'a wajen sayen injuna da murhuna, ya dace mu dubi abin da ya sami waɗanda suka riga mu gwadawa.

A ƙasashen Turai masu tsananin sanyi, irin su Italiya da Jamus da Faransa, gidaje masu yawa na ɗumama ɗakunansu da wani murhu na musamman mai cin ƙananan curin garin katako. Kaurin kowane curi milimita 6 ne zuwa 8, ana kuma sayar da shi a buhu mai kilo 15. Murhun na da mazubi a sama, da wani ƙarfe mai juyawa da ke turo curin kaɗan-kaɗan cikin ɗan kwanon wuta mai huji-huji, fanka na hura masa iska, hayaƙi kuma na fita waje ta bututu. A shekarar 2022, sakamakon yaƙin Rasha da Yukren, Tarayyar Turai ta hana shigo da kayan katako daga Rasha, gas kuma ya yi tsada, sai farashin curin ya ninka fiye da sau biyu a wasu ƙasashen. Magidanta suka shiga neman mai sauƙin kuɗi, kamar wanda ake yi da karan alkama.

Abin da ke biyo bayan irin wannan sauyi sananne ne ga masana. Curin katako mai daraja ta ɗaya, bisa ƙa'idar ingancin da ake bi a Turai, tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba, danshinsa kuma bai wuce kashi 10 ba. Na karan alkama kuwa tokarsa ta ninka haka sau da yawa, kuma tana narkewa da wuri, ta dunƙule kamar kashin maƙera, ta toshe hujojin iska har wuta ta mutu. Bugu da ƙari, sinadaran da ke cikin karan na cinye ƙarfen murhu da bututunsa. Ke nan wanda ya yi murnar samun araha a kasuwa, sai ya biya ta wajen mai gyara. Darasin shi ne, kowane murhu da irin makamashin da aka ƙera shi dominsa.

To ina wannan ya shafe mu? Mu ma abin da muka fi samu a araha shi ne ya fi yawan toka. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, injunan casa sun yawaita a Arewa, kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Sai dai tokar ɓuntu kan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. A lissafi mai sauƙi, buhun curin katako mai kilo 15 zai bar toka kimanin giram ɗari, na ɓuntu kuwa zai bar kilo biyu zuwa uku. Idan murhu ba shi da raga da wurin kwashe toka ta ƙasa, uwargida za ta ɗora tuwo wuta ta shaƙe mata a tsakiyar talge, gobe kuma ta koma ga itacenta. Ɓawon gyaɗa da garin katako sun fi ɓuntu ƙarancin toka da ƙarfin wuta, shi ya sa gauraya su ta fi amfani da ɓuntu zalla.

Har ila yau, ba duk abin da ya rage a gona ne shara ba. Karan dawa da na gero abincin dabbobi ne, da su ake danga, wanda aka bari a gona kuma yana kare ƙasa daga iska yana ƙara mata taki. Manyan injunan casa ma da ɓuntun suke hura tukunyar turara shinkafa. Saboda haka wajibi ne a fara sanin abin da ya yi saura da gaske a kowace gunduma, kada a kafa inji a rasa abin ba shi, ko a raba makiyayi da abincin shanunsa.

Abu mafi muhimmanci shi ne batun rai. Murhun Turawa na da bututun da ke fitar da hayaƙi waje, kaskonmu kuwa ba shi da shi. Duk abin da ke ci da wuta a ɗakin da aka rufe, gawayi ne ko curi, yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kashe mutum cikin barcinsa. Kada kalmar “marar hayaƙi” da 'yan talla ke faɗa ta ruɗi kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Bisa ga haka, muna ba shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an sashen gona da na lafiya shawarar su fara da ɗan gwaji a gidaje kaɗan, na tsawon hunturu guda da damina guda, tun da curin da aka haɗa da sitacin rogo kan ruguje idan ya sha danshi. A bar matan da ke girkin su yi hukunci. A rubuta yawan curin da ya dafa tukunyar wake, da yawan tokar da aka kwashe, da ko hayaƙi ya ragu, sannan a kwatanta kuɗinsa da na damin itace a kasuwar garin. A nemi shawarar masana, irin na Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, a kuma jawo maƙeranmu na gida cikin aikin, domin su ne za su ƙera murhun da ya dace, su gyara shi idan ya lalace.

Daga ƙarshe, muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai su riƙa tunatar da jama'a cewa kada a kwana da wuta a rufaffen ɗaki. A fitar da kasko waje kafin a kwanta, a bar taga a buɗe yayin jin ɗumi, wanda kuma ya ji jiri ko ciwon kai a fito da shi sarari a garzaya da shi asibiti. Allah Ya kare mu, Ya sa mu ga bayan hunturu lafiya.