GASAR ZANEN YARA A KAN LEDA: INA SANIYA A CIKI?

Wata al'ada ta shigo makarantun boko wadda ya kamata mu sa baki a cikinta, ko da yake wani zai ce me ya haɗa mai shanu da fensir da fenti. Idan 5 ga watan Yuni ta gabato, wato ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa muhalli, akan shirya wa yara gasar zane a kan illar leda da roba. A 2023 ma a Abijan aka yi babban bikin ranar, kuma maganar roba ce aka sa a gaba.

Ni ban raina wannan abu ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ku dubi abin da yaran suka fi zanawa: kunkurun teku da leda a wuya, ko ƙaton kifi ya haɗiye kwalbar roba. Hotunan da suka gani a talabijin da waya ne suke kwaikwayo. Nijar da Cadi ba su da teku. Daga Maraɗi zuwa bakin ruwan Ikko tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce. Yaron ya kai zanen gida, uban ya ce madalla, shi ke nan an wuce wurin, don abin bai taɓa aljihunsa ba. Alhali ga akuyarsu can a kan juji tana cin baƙar leda.

Mu kam mun san inda leda take ƙarewa, a tumbi. Saniya ba ta zaɓen abin da za ta ci kamar ɗan'adam, da harshe take naɗowa ta haɗiye, sai daga baya ta kwanta ta yi tuƙa. Da rani idan ciyawa ta ƙare, ta tarar da ledar da aka ɗaure ƙosai ko gishiri ko dusa a ciki, ƙanshin kawai take bi. Ita kuwa leda ba ta narkewa. Ta yau ta tarar da ta jiya, su haɗu da zaren buhu da tsumma, su murɗe su zama dunƙule mai tauri kamar an tufka igiya. Daga nan dabba ta rage ci, tuƙa ta yi ƙasa, ciki ya yi tulu amma ƙashin baya a waje. Babu allura ko jiƙo da ke fitar da ita. In ba likitan dabbobi ya tsaga cikin ya ciro ba, sai dai wuƙa.

Wa ke ɗaukar asarar? Ka sayi sa a Maigatari ranar Alhamis, ka ɗauka ramar rani ce kawai. Ka ɗaure shi wata biyu kana zuba masa harawa da dusa da angurya, kuɗi na tafiya, shi kuwa ko motsi. Ko kuwa a loda shi a tirela zuwa Kurmi, ya kwanta a hanya ya kasa tashi, sauran su tattake shi. In kuma ya isa, mahauci ya yanka ya ga rabin tumbin leda ce, gobe da ya ga shanunka sai ya karya farashi tun kafin ka buɗe baki. Rigima nawa sarkin kara ya raba a kan irin wannan? Mai saye ya ce an cuce shi, dillali ya rantse bai sani ba, kuma gaskiyarsa, don leda ba ta da alama a fata.

Lokacin da Muritaniya ta hana leda a farkon 2013, wani jami'in ma'aikatar muhallinsu ya shaida wa gidan rediyon BBC cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na shanu da tumakin da ke mutuwa a babban birninsu leda ce ajalinsu. Mu ma dokar ba rasa ta muka yi ba. A Injamena an hana a 2010, Kamaru ta fara aiki da tata a 2014, Nijar ma ta kafa doka a wannan shekara. To amma kowa ya leƙa kara da yamma bayan kasuwa ta watse, ya ƙirga ledojin ruwan sanyi da ke ƙasa, a daidai inda dabbobin da ba su samu shiga ba za su kwana.

Don haka shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce mu shiga gasar nan da ƙafarmu, amma mu sa sharaɗi. Kafin yaro ya taɓa takarda, malaminsu ya kai su mayanka da safe, sarkin fawa ya sa a buɗe tumbi a gabansu, a ɗora abin da aka ciro a kan sikeli. Gani ya kori ji. Daga nan kowa ya zana abin da idonsa ya gani, ya rubuta bayaninsa da Hausa ko Fulatanci, da boko ko da ajami, don makiyayi ba ya jin Faransanci. Kada kuma a manta da almajiran allo, su da suka saba da tawada da zayyana, ba na jin 'yan lakkol za su fi su hannu.

Zanen da ya ci kuwa, don Allah kada ya ƙare a bangon ofishin wani babba. A kafa shi a ƙofar kara da wurin lodi. A ba masu fentin mota su kwafe shi a bayan tirelolinmu, inda suka saba zana zaki da dawisu, ya bi hanya daga nan har Ikko da Kumasi. Kyautar ma kada a tsaya kan jakar makaranta da takardar yabo. 'Yar tunkiya za a ba yaron ya kiwata. Idan kowane bafatake ya ba da jikka guda ranar kasuwa ɗaya tak, kuɗin ya isa, har a sayi rabin durom biyu ko uku a ajiye kusa da masu sayar da ruwa. Ina roƙon sakatare ya sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a zama mai zuwa, tun kafin makarantu su tafi dogon hutu.