Tsare Matashi a Gida Ba Tarbiyya Ba Ce

A Kusada da Kankiya akwai maganar da ta zauna daram a bakin iyaye: yaron kirki shi ne wanda bai san ko'ina ba sai gona, masallaci da ƙofar gidansu. In saurayi ya ce yana son leƙa wata ƙasa, nan take a ce idonsa zai buɗe, ya dawo ya gagari kowa. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma matasa yake cutarwa.

Kakannin masu faɗin haka ma ba su san da shi ba. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro cike yake da samari masu ɗaure wa jakuna kaya, masu nemo ruwa da itace in an sauka zango. A ƙarƙashin madugu suke koyon lissafi, da riƙon amana, da yadda ake ciniki da mutumin da ba ya jin Hausa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana ɗan matashi ya bi irin wannan ayari don ya ga mahaifiyarsa a Akara. Da ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Abin takaici, gidan da ke hana ɗan shekara 17 tafiya mai manufa, sau da yawa shi ne ke tura ɗan shekara 7 almajiranci wani gari da ƙoƙon bara, ba mai duba cinsa balle kwanansa.

Kuma ƙasar waje ba Ingila kaɗai ba ce. Maraɗi na nan bayan Jibiya. Saurayin da ya tsaya gaban jami'in kan iyaka ya nuna takardarsa da kansa, ya canza naira zuwa sefa, ya ƙirga canjinsa, ya ga allunan shaguna da Faransanci alhali masu shagunan Hausawa ne irinsa, ya samu darasin da ba a rubuta shi a allon aji.

Tsoron iyaye yana da tushe. 'Yan bindiga sun addabi yankin Jibiya, kuma masu safarar mutane ta Agadas zuwa Libiya sun salwantar da 'ya'yan mutane da dama. Amma yaron da bai taɓa fita da sanin iyayensa ba, shi dillalan hanya suka fi saurin yaudara, domin duk abin da aka faɗa masa game da waje gaskatawa zai yi.

Gwamnatin Jihar Katsina ta tura ɗalibai Masar karatun likita, sai dai kaɗan ne za su samu wannan dama. Ya rage ga shugabannin makarantun sakandare, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da majalisar ƙaramar hukumar Kusada su tsara ziyarar ɗalibai a lokacin hutu, da rakiyar malamai, da masauki sananne, a kan hanyar da jami'an tsaro suka amince da ita, kuma a sa 'yan mata a cikin tsarin.