Jirgin da ba a jin zuwansa

A lokacin hazo, wanda ke tsaye a Ƙofar Wambai yakan ji rugugin jirgi mai sauka a filin Malam Aminu Kano bai gan shi ba. To, ina ga jirgi marar inji, mai shawagi shiru?

A Agustan 2006, a jihar Nevada ta Amurka, irinsa ya yi karo da ƙaramin jet, da rana tsaka. Yana da na'urar da ke sanar da sauran jirage inda yake, amma matuƙin bai kunna ta ba, wai tattalin batir. Da ƙyar aka tsira. Duk da haka, a 2016 hukumar FAA ta janye shirin wajabta na'urar.

A ganina ta yi kuskure, kada NCAA ta bi sahunta. Duk jirgin da zai kutsa gajimare, a tilasta masa kunna ta.