Mu Koyi Hanyar, Ba Hawanta Kaɗai Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a watan Maris na 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka katse daura da gaɓar Kwaddibuwa. Nan take aikin bankuna ya rikice, ma'aikata suka zauna jugum. Mu nawa ne cikin masu taƙama da karatun kwamfuta muka iya bayyana wa iyayenmu abin da ya faru?

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Daddatsa shi ake yi ƙunshi-ƙunshi, kowanne ɗauke da adireshin inda za shi, na'urorin kan hanya su yi ta miƙa shi har a sake haɗa shi a can. Tun 1983 Amurka ta ɗora ARPANET a kan wannan ƙa'ida ta TCP/IP. Mu kuwa har yau haddace ta muke yi daga allo, mu amayar ranar jarrabawa, alhali yawancinmu ba mu taɓa haɗa kwamfuta biyu da hannunmu ba.

Da dogo ya iso Kano a 1911, dakon gyaɗa aka bar wa kakanninmu, sirrin injin yana hannun Bature. Ba mu yarda a maimaita mana wannan ba. Tilas hukumomin jami'o'inmu su buɗe ɗakunan gwaji, su zuba wayoyi da na'urori, su bar mu a ciki har dare.