Satifiket Ba Ya Kayar Da Ƙato

Maudu'inmu na wannan mako ya ɗan kauce wa layin da muka saba. Maganar kokawa ce, kuma gaskiya da faɗa muka zo, don haka wanda ya ji an taka masa sawu ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe kafin ya ɗauko sanda.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan bokon yankinmu, daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi. Da zarar an tayar da zancen tara samari a horar da su kokawa don su fita gasa, sai ka ji an ce a nemo koci mai takarda. In ka ambaci tsohon ɗan kokawar da ya shekara ashirin yana kaye a dandali, sai a taɓe baki a ce ai ba shi da satifiket. Shi ke nan an rufe babinsa. Mu kuwa muna cewa wannan magana rainin wayo ce, kuma in aka ci gaba da ita, kokawar da muka gada za ta mutu a hannunmu, takardun kuma suna rataye a bango.

Ku dubi yadda ake koyon abin a ƙauyukanmu. Kaka ta yi, an kai dawa da masara rumbu, masu rake a Makarfi da Kudan sun fara dafa mazarƙwaila, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai a share fage. Yaro ba ya zuwa ya ce a koya masa. Yana fara wa ne da riƙe wa babba riga da butar ruwa, yana kallo. Shekara ta zagayo a haɗa shi da tsaransa, a kayar da shi, ya tashi ya kaɗe ƙasa. A haka zai yi ta shan kaye, har ranar da maigidansa zai ja shi gefe, ya kama hannunsa ya matsar da shi kamar faɗin yatsa biyu a ƙugun abokin karawa, ya ce masa nan ne. Darasin ke nan gaba ɗaya. Amma kafin tsohon ya san inda nan ɗin yake, sai da ya sha ƙasa sau ɗari. Yana kallon tsayuwar mutum ya san ƙafar da ya ɗora wa nauyi, ya san lokacin da numfashi ya fara yankewa, ya san wanda taɗiya za ta ci da wanda sai an ɗaga shi sama. Wane allo ne zai ɗauki wannan?

Kada wani ya ce muna gaba da boko. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana yaye masu horarwa tun shekarun 1970, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da mu a Zariya tana koyar da ilimin motsa jiki da lafiya. Abin da suke koyarwa muna bukatarsa ƙwarai: yadda gaɓoɓi ke aiki, taimakon gaggawa in an ji rauni, abincin da ya dace da ɗan wasa, dokokin gasa. Kokawa yanzu tana cikin wasannin gargajiya da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa tare da dambe da langa, bikin da Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009. A can ana awon nauyi, ana duba agogo, akwai alƙalin wasa da usur. Wanda bai san waɗannan ba zai kai yaransa a kore su tun kafin su shiga fage. Duk mun yarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki takardar da ke shaida cewa mutum ya zauna a aji, a ce ita ce shaidar ya iya kaye har zai koya wa wani. Tsarin aikin gwamnati takarda ya sani, da ita ake ba da matakin albashi, shi ya sa tsohon sarkin fage ba shi da gurbi a cikinsa ko na masinja.

Bari mu kai ku Ingila, tunda wasu ba sa yarda da magana sai an ce Bature ma haka ya yi. A yankin Lankasha akwai wata kokawa da ake kira kac, ma'ana ka kama duk inda hannunka ya samu. Ana cin mutum ne in an danne kafaɗunsa biyu a ƙasa, ko a murɗe masa gaɓa har ya miƙa wuya. Kokawar talakawa ce, ta masu haƙar kwal da leburorin masaƙa. A ƙarshen shekarun 1940 wani tsohon ɗan kokawa mai suna Billy Riley ya kafa wata 'yar rumfar kwano a garin Wigan, wadda daga baya aka yi mata laƙabi da Ramin Macizai. Babu allo, babu jarrabawa, babu takardar kammalawa. Baƙo in ya zo, sai a miƙa shi ga tsofaffin hannu su yi ta nuƙurƙusa shi. In ya dawo gobe, to an fara yi masa kallon ɗalibi. Ku gaya mana, da me wannan ya bambanta da dandalinmu?

To ga abin da rumfar kwanon ta haifar. Daga cikinta Karl Gotch ya fito, wanda Japanawa suka ɗaukaka ƙwarai a kokawarsu ta zamani. Daga cikinta Billy Robinson ya fito, shi ma ya koyar a Japan, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Kazushi Sakuraba, wanda a shekarar 2000 ya yi minti 90 yana fafatawa da Royce Gracie har 'yan kusurwar Gracie suka jefa tawul. Riley ya rasu a 1977, Gotch a 2007, Robinson a 2014. Amma har yau in ka tsayar da mai kokawar kac a Tokyo ko a Amurka, zai lissafa maka: wane ya koya mini, shi kuma Robinson ya koya masa, Robinson kuma a hannun Riley ya taso. A Wigan ɗin ma wani almajirin Riley, Roy Wood, shi ya gyara wurin ya ci gaba, ya kuma sassauta salon har yara ƙanana suka samu shiga. Ya canza yadda ake koyarwa, bai yanke igiyar da ta haɗa shi da malaminsa ba.

Kac ba ta gaji ɗamara mai launi ba irin ta judo, wadda Jigoro Kano ya tsara wa matakai. Kano ɗin nan Bajapane ne, kada Kanawan wannan zaure su fara murna. Saboda rashin matakan, yanzu da kokawar ta sake farin jini, ƙungiyoyi sun fito suna shirya bita ta 'yan kwanaki suna raba takardar shaidar koci, ana kuma ta cacar baki a kan wace ce ta gaske. Abin lura shi ne, duk inda musun ya zagaya, tambaya ɗaya yake komawa: a hannun wa ka koya, kuma shekara nawa ka yi a gabansa? Ko darussan da Farmer Burns ya riƙa aika wa mutane ta gidan waya a Amurka tun 1914, an saye su ne don kowa ya san shi ne ya rene Frank Gotch, zakaran duniya. Takardar ta ci albarkacin mai ita.

Mu kuwa ba sai Bature ya koya mana wannan ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka a hannun kowannensu. Malaman zaure a Zariya har gobe ijaza suke bayarwa, ijaza kuwa ba ta da daraja sai da jerin sunayen da ke bayanta. Tela da bakanike in za su yaye yaro, jama'a ake tarawa maigida ya shaida da bakinsa. Al'ummar da ta san silsila haka ita ce yau take jin kunyar tambayar ɗan kokawa wa ya rene shi, sai dai ta tambaye shi lambar takarda.

Amma fa tsofaffin namu su ma ba za su tsira daga bakinmu ba. Da yawansu rowar ilimi gare su. Mutum ya san wani riƙo da ya kayar da ƙatti da shi shekara da shekaru, ya ƙi nuna wa kowa don kada yaronsa ya fi shi, har ya tafi da abinsa kabari. Wani in ka tambaye shi sirrin kayensa, sai ya nuna maka laya da guru, ya ɓoye maka awannin da ya yi yana gwaji, yaro kuma ya tafi neman boka maimakon neman gumi. Wani yaro ya goce kafaɗa, a ce masa namiji ba ya raki, a mayar da shi fage kafin ɗori ya kama. Nan ne mai takarda yake da abin faɗa, kuma dole a saurare shi. Babbar matsalar ita ce, tunda silsilar a baki take, kowane mai cika baki yana iya zama a teburin mai shayi ya ce shi ne ya kayar da wane a shekarar kaza, babu mai ƙaryata shi, don shaidun sun mutu. Mai gaskiya da maƙaryaci sun zama ɗaya a idon ɗan boko, shi ya sa ya samu hujjar watsar da su duka.

Ku leƙa Nijar ku ga bambanci. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ake riƙe da sunayen zakaru shekara bayan shekara. Jihohi takwas, kowacce da 'yan kokawarta goma. An san Salma Ɗan Rani, an san Balla Haruna, an san Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi sau shida. Rediyo ta riƙe su, makaɗa irin su Sagalo sun riƙe su. Tsohon zakara a can in ya tsaya bakin fage yana ba yaro shawara, ba wanda zai tambaye shi wane ne shi, don tarihinsa a rubuce yake. Mu nan saurayi a Gimi ko Saulawa zai ba ka labarin kayen Isaka Isaka dalla-dalla daga bidiyon wayarsa, amma ka tambaye shi wa ya gagari ƙauyensu a zamanin kakansa, sai ya sosa ƙeya.

Laifin wa ke nan? Namu ne, mu masu alƙalami. Ku duba labaran da muke rubutawa. Jaruminmu ko dai an haife shi da ƙarfi, ko baiwa ta sauko masa kamar ta Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ko aljani ya shafa masa wani abu, ko kuma ya je ƙasar waje ya koyo faɗan 'yan Sin ya dawo da baƙin gilashi. Ba shi da malami. Ba mu taɓa ganin daren da aka kayar da shi sau bakwai a gaban budurwarsa ba, balle tsohon da ya ja shi gefe ya gyara masa riƙo. Alhali nan ne labarin yake: rowar maigida, haƙurin yaro, ranar da yaron zai kayar da wanda ya rene shi a gaban gari, da shirun da zai biyo baya. Mun bar wannan a ƙofar gidanmu muna ta gina gidan sama a Dubai. Kuma tunda muna maganar takarda, mu ma mu shafa kanmu: ajin koyon rubutu na mako biyu a WhatsApp da ake ƙarewa da satifiket mai zanen fure, ɗan uwan bitar kocin nan ne na 'yan kwanaki.

Abin da muke nema daga masu tsara wasanni ba shi da wuya. In za a horar da samari, a zaunar da mutum biyu: mai takarda ya riƙe awon nauyi da dokoki da akwatin magani, tsohon ɗan fage ya riƙe riƙo da kaye, kuma a biya su duka biyun. Kada a kira tsohon ranar biki kawai a sa masa bante ya yi rawa a gaban manyan baƙi, a sallame shi da kuɗin mota.

Namu aikin kuwa a wannan kakar za mu fara shi. Duk wanda ke da tsohon ɗan kokawa a unguwarsu ya ɗauki wayarsa da goro ya je gaisuwa. Ya nemi izini kafin ya danna naɗi. Ya tambaye shi wa ya fara riƙe masa hannu, shi kuma wancan a wurin wa ya koya, su wa ya kayar, a wane dandali, a gaban wa, wa ya kayar da shi, su wa ya rena da suke raye. Tambayar wa ya kayar da shi ita ce ma'aunin, don maƙaryaci ba ya tuna ranar da ya sha ƙasa. Sannan a nemi mutum na biyu a ƙauyen a ji ko bakinsu zai zo ɗaya, a rubuta sunan kowane riƙo yadda tsohon ya faɗe shi, ba tare da an gyara masa Hausa ba.

'Yan Ikara ku ɗauki Paki da Auchan da Kurmin Kogi. 'Yan Kudan ga Likoro da Doka da Hunkuyi. Mu za mu bi Gazara da Gubuchi. Wanda ya riga samowa ya saka a ƙarƙashin wannan rubutu, tare da sunan ƙauyen da ranar da aka yi hirar.