Wa Za Ta Tsare Rumfarku A Wurin Baje Koli?

'Yan'uwana mata, kowace shekara akan yi bikin baje kolin kayayyaki a manyan garuruwanmu. Akwai na Legas wanda aka fara a 1977, akwai na Kano a titin Gidan Zoo, ga kuma na Kaduna a kan hanyar Zariya, kusa da Rigachikun, wanda akan kwana 10 ana yi. Abin farin ciki ne ganin yadda ƙungiyoyin mata ke kama rumfa a waɗannan wurare, suna kai turaren wuta da humra da man shafawa da yaji da kayan saƙa.

To, amma akwai wani sakaci da ya kamata mu gyara. Sai ku ga mata sun yi wata uku suna haɗa kaya, sun tara kuɗin adashi sun biya rumfa, amma ba wadda ta tsaya ta tambayi wa zai zauna a ciki. Ranar buɗewa kowa ta zo da kwalliya, rumfa ta cika har ba wurin mai saye. Kwana uku ke da wuya sai a bar wa wata 'yar yarinya, ga yunwa ga gajiya, a tambaye ta kuɗin kwalba ta ce sai Hajiya ta dawo. Mai saye kuwa ba ya jira, rumfar gaba zai wuce.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Saboda haka tun da sauran mako biyu ku zauna ku raba aiki a rubuce. Ga misali: a raba yini gida biyu, daga safe zuwa azahar, daga azahar zuwa tashi, kowane kashi mata biyu, domin idan ɗaya ta tafi salla ko cin abinci kada a bar kaya ba mai tsaro. A kwana 10 zama 40 ke nan. In ku takwas ne, kowace zama biyar ya hau kanta. Asabar da Lahadi, da yake jama'a sun fi yawa, a ƙara mutum ɗaya. A kuma ajiye wadda za ta maye gurbi, don haihuwa da rashin lafiya ba sa sallama.

Ke matar aure, da zarar kin san ranakunki sai ki shaida wa maigida tun da wuri, ki shirya wadda za ta kula da yara da girki. Mai goyo a ba ta zaman safe, ta koma gida da wuri.

Bayan haka sai horo. Duk wadda za ta zauna ta san kuɗin kowane kaya, da iyakar ragin da aka yarda ta yi, da abin da aka haɗa shi da shi. In kayan ci ne ko na shafawa, za a tambaye ta lambar hukumar NAFDAC, to ta faɗi gaskiya. In an ce an turo kuɗi ta waya, kada ta miƙa kaya sai ta ga shigarsu. A sami littafi guda na rubuta ciniki da sunayen masu son sari, kuma a ƙirga kuɗi da kaya duk lokacin da za a canji hannu. Wannan shi ke hana zargi, wanda ya sha raba aminai. Kada kuma a manta shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai danna waya ko cin gyaɗa a gaban baƙo korar ciniki take yi.

Ku kuma 'yan makaranta, wurin nan akwai ilmi, za ku koyi lissafi da iya magana da mutane. Amma sai ranar da babu karatu, tare da babbar mace, kuma a koma gida kafin magariba. Iyaye, don Allah kada a fitar da yarinya daga aji saboda cinikin kwana 10.

Wadda duk kuka zaunar a rumfa, da ita baƙo zai auna ƙungiyarku. Ku zaɓe ta da kyau, ku koya mata, ku ba ta hutu da ɗan abin hasafi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.