Baftisma da Sahihancin Ikkilisiya a Ƙasar Galmi

Tun da 'yan mishan na SIM suka buɗe asibitin Galmi a shekarar 1950, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta ratsa Malbaza ta nufi Madawa, mutanen wannan yanki, waɗanda galibinsu Musulmi ne manoman albasa da gero, suka saba da maƙwabtaka da Kirista. Amma kaɗan ne suka san cewa Kiristan ma suna da saɓani irin na mazhabobi, kuma mafi tsananinsa yana kan baftisma.

Masu bishara, waɗanda ikkilisiyarsu ta EERN ta tsiro daga aikin SIM, sun tafi a kan cewa ba a yi wa mutum baftisma sai ya yi hankali, ya tuba, ya furta imaninsa da bakinsa a gaban jama'a, sa'an nan a nutsar da shi cikin ruwa. Katolika kuwa, waɗanda bishop na Maraɗi yake shugabanta a jihar Tawa tun 2001, suna zuba wa jinjiri ruwa a ka, iyaye su ɗauki alkawari a madadinsa, domin a wurinsu baftisma baiwa ce da ba ta jiran balaga. Tushen mas'alar yana ga abin da ake kira ikkilisiya: su Katolika suna kafa hujja da silsilar bishop-bishop wadda suke jinginawa ga manzannin Almasihu, yadda malamin hadisi yake dogara da isnadi, masu bishara kuma suna cewa duk inda aka yi wa'azin Littafi bisa gaskiya, to, nan ikkilisiya take. Saboda haka kowane ɓangare ya karɓi rabi ya ƙi rabi. Roma, cibiyar Katolika, tana amincewa da baftismar masu bishara muddin an yi ta da ruwa da lafazin da aka gada, alhali a sanarwarta ta 2000 ta ƙi kiran jama'arsu ikkilisiya a cikakkiyar ma'ana. Masu bishara da yawa kuma, in ɗan Katolika ya komo wurinsu, sai su sake yi masa baftisma kamar ba a taɓa yi ba.

Wannan husuma tsohuwa ce, kuma a Afirka ta fi yin zafi. A ƙarni na 4, bayan tsanantawar da sarkin Rum ya fara a 303, mabiyan Donatus suka yi fatawa cewa baftismar da limamin da ya miƙa littattafan addini ga azzalumai ya yi ɓatacciya ce, sai an sake. Agustin, bishop na Hippo, inda Annaba ta Aljeriya take a yau, ya amsa musu cewa ingancinta bai rataya ga tsarkin mai yin ta ba. A Zurich kuwa, a 1527, hukuma ta nutsar da Felix Manz a kogi har ya mutu saboda ya sake wa manya baftisma. Mu da kakanninmu suka yi rigima a kan ƙabalu da sadalu ba mu da bakin yi musu dariya.

A ganina kowace ikkilisiya tana da haƙƙin gindaya sharaɗin shiga cikinta, kuma babu ruwan gwamnati da yawan ruwan da aka zuba, tunda takardar izinin da ma'aikatar cikin gida take bayarwa shaidar bin doka ce kawai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fasto ya hau mumbari ya ce maƙwabcinsa ba Kirista ba ne don an yayyafa masa ruwa yana jinjiri, a ƙasar da dukkansu 'yan tsiraru ne, inda waɗanda suka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ba su tsaya tantance ta fadan Katolika da ta fasto ba. Tambayar da ta fi amfanar talaka mai ba da baiko ranar Lahadi ita ce ko akwai dattawan da za su iya tsawata wa shugaba, ko ana karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, ko an san inda mai wa'azi ya yi karatu.

Ina roƙon fastoci da fada-fada na Ƙonni da Malbaza da Illela su zauna su rubuta abin da suka yarda da shi a kan baftismar juna da abin da suka saɓa, su karanta wa mabiyansu da Hausa, ko don a sauƙaƙa wa saurayi da budurwar da suka fito daga majami'u biyu suna neman aure.